Dogon Numfashi: Daga Algaitar Gobir Zuwa Fiyanon Zamani

Birnin Lalle, wanda yake cikin gundumar Dakwaro a arewacin jihar Maraɗi, ƙaramin gari ne a yau, amma duk mai bin tarihin Gobir ba ya tsallake sunansa. A nan ne Gobirawa suka kafa gadon sarauta bayan sun baro Azbin, tun kafin su gangara kudu su zauna Alƙalawa a ƙarni na 18, tun kuma kafin faɗuwar Alƙalawar a 1808 ta sa wani reshensu ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Inda duk aka yi sarauta a ƙasar Hausa kuwa an yi kiɗan fada, kuma a cikin kayan wannan kiɗa akwai guda ɗaya da ya bambanta da saura ta wajen yadda yake tafiyar da lokaci. Tambari bugu ne, a buga a saurara. Kakaki kira ne, a busa a sauke. Algaita ita ce ba ta tsayawa. Mai busa ta yakan tara iska a kumatunsa, ya riƙa turo ta cikin bututun a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, ta haka sai amon ya miƙe babu yankewa har mai sauraro ya rasa inda aka yi numfashi. Kumburin kumatun da yara suke yi wa dariya shi ne sirrin sana'ar, kuma sai an shekara ana koyo kafin a iya.

Wannan sha'awa ta amo mai tsawo ba a fada kaɗai take ba. A arewacin Dakwaro, wajen Bermo da Gadabeji, idan damina ta ja baya Wodaɓɓe suka taru, samarinsu sukan jeru su riƙe murya ɗaya mai tsawo, kowa yana shaƙar iska a lokacin da na kusa da shi yake riƙe da sautin, sai a ji kamar halitta ɗaya ce mai ƙirji ɗari. A wajen tende na Buzaye ma mata ne suke rera waƙa da tafi, maza kuma a wasu nau'o'insa suna gunji a ƙarƙashi. Wato kunnen mutanen wannan yanki ya daɗe da sabawa da sauti iri biyu a lokaci guda, na sama mai tafiya da na ƙasa mai zama. Wannan ne ya kamata a riƙe a zuci idan ana son fahimtar abin da ya sa wata na'ura da aka ƙera a Italiya ko Japan ta sami masauki cikin sauƙi a ƙasar da ba a ƙera ta dominta ba.

Mene ne shimfiɗa?

Turawa masu sana'ar haɗa kiɗa suna kiran irin wannan sauti na ƙasa da sunan pad, kalmar da asalinta take nufin abin da aka sa a ƙarƙashi domin a sami laushi. A Hausa babu abin da ya fi dacewa da shi kamar shimfiɗa. Shi ne amon nan da yake shigowa a hankali a bayan muryar mawaƙi, ba a jin farkonsa, ya zauna kamar hazo, ya kuma janye ba a lura ba. Da yawa daga masu sauraro ba su san da shi ba sai an cire shi, sa'an nan su ce waƙar ta bushe.

Yadda na'ura take samar da shi ba wani abin sihiri ba ne. Ana tayar da amo biyu ko uku masu tsayi ɗaya, sai a karkatar da ɗaya kaɗan daga ɗan'uwansa, ƙasa da abin da kunne zai kira kuskure. Wannan ɗan saɓani shi yake sa sautin ya riƙa kaɗawa kamar ruwan tafki, kuma shi ne dai abin da yake faruwa a layin samarin Wodaɓɓe, domin babu maƙogwaro biyu da suke daidai. Bayan haka sai a tace kaifin amon, a umurci na'urar ta buɗe shi sannu a hankali idan an danna, ta kuma sake shi sannu a hankali idan an ɗaga yatsa. Tun a 1974 aka fitar da Solina String Ensemble, wadda aka yi domin ta kwaikwayi taron masu goge irin na Turai. Kwaikwayon bai yi kama sosai ba, amma abin da ya fito ya yi daɗin da makaɗa suka riƙe shi a kan kansa. Kamfanin Roland na Japan ya biyo da Juno-60 a 1982 da Juno-106 a 1984, waɗanda har yau ake yabon kaurin shimfiɗarsu, ko da yake tana tafe da ɗan huci kamar na rediyon da bai kama tasha sosai ba.

Shekarar 1983 ta kawo abu biyu. Yamaha ta fitar da DX7, mai aiki da lissafi tsantsa bisa dabarar da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford ta Amurka, kuma kamfanonin suka amince da wata ƙa'ida guda mai suna MIDI, wadda take ba na'ura damar yi wa wata na'ura umurni ta waya. Daga nan ne aka ga ba lallai kowace na'ura ta zo da madannanta ba. Sai aka fara sayar da akwatin sauti zalla, marar madannai, wanda ake jerawa a kanta kamar littattafai, makaɗi ɗaya yana sarrafa biyar ko shida daga fiyano guda. Proteus na kamfanin E-mu ya fito a 1989, JV-1080 na Roland kuma a 1994, mai iya fitar da murya 64 a lokaci ɗaya, wanda ya cika sutudiyoyin fina-finai da na talabijin a shekarun da suka biyo. Tsakanin waɗannan akwai D-50 na 1987 da Korg M1 na 1988, waɗanda suka zo da madannai amma aka yi musu ƴan'uwa na akwati.

Abin da yake ba mutum mamaki a yau shi ne ƙanƙantar cikinsu. Dukkan sautukan da aka naɗa a cikin M1, da ganguna da sarewa da muryoyin mutane, an cusa su ne a megabait 4, wato abin da hoto ɗaya na wayar hannu yake iya cinyewa yanzu. Saboda wannan ƙunci injiniyoyi ba su da halin naɗar dogon amo. Sai su yanki ɗan guntu, su sa ƙarshensa ya koma farkonsa yana ta zagayawa, su kuma rufe wurin ɗinkin da amsa-kuwwa da kaɗawa domin kada a ji. Wannan rufin asiri da talauci ya tilasta shi ne ainihin launin da masoya tsofaffin akwatunan suke nema a yau, har suna sayen na hannu da tsada.

Mutumin da ya zo da ogan

Waɗannan akwatuna kayan manyan sutudiyoyi ne na Turai da Amurka da Japan. Hanyar da shimfiɗa ta bi ta iso ƙasar Nijar daban ce, kuma ta riga yawancinsu. Mamman Sani Abdullahi malamin makaranta ne da ya koma aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya ba shi damar tafiye-tafiye. A wajen wani taro ne ya haɗu da wakilin ƙasar Ruwanda wanda ya zo da ogan ɗin lantarki ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya nace har aka sayar masa. Ogan ɗin ba na'urar ƙirar sauti ba ce irin waɗanda aka ambata a sama, kayan ɗaki ce ta masu koyon kiɗa, mai ɗan akwatin ganga a jikinta. Amma tana da abu ɗaya da ya isa: muddin yatsa yana kan madanni, amo ba ya mutuwa.

A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kaset ɗinsa, La Musique Électronique du Niger. An yi naɗin ne hawa biyu, ya buga na farko sa'an nan ya ɗora na biyu a kansa. Kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, kuma da a ce kasuwa ce za ta yanke hukunci da an manta da shi tun a shekarar. Rediyo ce ta cece shi. Muryar Sahel, da kuma talabijin ɗin ƙasa daga baya, suka mayar da kaɗe-kaɗensa abin cike gibi tsakanin shiri da shiri, aka yi shekaru masu yawa ana sa su. A zamanin da babu tashar da ta kai ta gwamnati isa karkara, wannan yana nufin makiyayi a kwarin Tarka da malamin makaranta a Birnin Lalle da ɗan kasuwa a Dakwaro duk sun ji wannan amo sau da yawa kafin labarai ko bayan sanarwa, ba tare da an faɗa musu sunan mai shi ba. Ya shiga kunnuwansu ne a matsayin muryar akwatin rediyo kanta.

Mamman Sani bai ɗauko kiɗan Turawa ya dasa ba, kuma a nan ne darajar aikinsa take. Da yawa daga abin da ya buga karin gargajiya ne na ƙasar, har da na Wodaɓɓe da na Buzaye, ya rage musu gudu, ya shimfiɗa musu amo a ƙasa da hannun hagu, hannun dama yana bin karin a sama kamar mai tafiya a kan rairayi. Zamanin ma ya taimaka. Gwamnatin Seyni Kountché da ta hau a 1974 ta farfaɗo da Samariya, ta kuma mayar da wasannin matasa na ƙasa fagen da kowace jiha take baje waƙoƙinta, saboda haka kunnen jama'a a buɗe yake ga karin ƙabilun da ba nasu ba. Ogan ɗin ya zama wurin da waɗannan kare-kare suke haɗuwa ba tare da kalmomi ba, kuma ga ƙasa mai harsuna da yawa wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga gidan rediyo.

Fiyano ta hanyar Kano

Guguwa ta biyu daga kudu ta taso, kuma ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar finafinan Hausa na bidiyo ta kafu a Kano, kuma tun da masu kallo sun tashi da finafinan Indiya, fim marar waƙa bai cika sayuwa ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya bi diddigin wannan tarihi, ya nuna yadda aka fara da ƙananan Casio, sa'an nan aka koma Yamaha jerin PSR, musamman PSR-220 da kuma PSR-730 da sutudiyon Iyan-Tama ya mallaka. Da irin wannan na'ura aka haɗa kiɗan Sangaya, fim ɗin kamfanin Sarauniya da ya fito dab da shekara ta 2000, wanda waƙarsa ta mamaye gidajen biki. Jama'a ba su tsaya bambance ogan da na'urar ƙirar sauti ba, duk abin da yake da madannai farare da baƙaƙe sunansa fiyano.

PSR ba ta cikin na'urorin da masana a Turai suke girmamawa. Kayan gida ce mai lasifika a jikinta, da maɓallin da ake dannawa ganga ta tashi da kanta. Sai dai abin da aka zuba a cikinta jikan abin da yake cikin manyan akwatunan ne, wato guntayen sauti da aka naɗa suna zagayawa, da jerin shimfiɗu masu sunan goge da muryoyi. Makaɗan Kano suka shiga cikin jerin suna laluben abin da ya yi kama da na gida. Wata sarewar da aka naɗa da nufin wata ƙasa ta zama sarewar Fulani, wani ƙaramin ganga ya tsaya a madadin kalangu. A ƙarƙashin wannan duka kuma shimfiɗa tana kwance, ita ce take ba waƙar soyayya taushinta, ita ce kuma ta bi mawaƙan bege zuwa yabon Annabi lokacin da wasunsu suka ƙara fiyano a kan mandiri, abin da ya jawo muhawara tsakanin malamai.

Daga Kano zuwa Maraɗi kwana ɗaya ne a mota, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kuma kaset ba ya jiran biza. Maraɗi ta zama mashigar wannan kiɗa zuwa cikin Nijar, daga kasuwarta yake hawa motocin Dakwaro tare da atamfa da batir. Hanyar kuma ba ta zuwa kaɗai ba ce. Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, daga Maraɗi ta tafi Kano ta zama ɗaya daga manyan muryoyin wannan kiɗa. Saboda haka idan aka ce fiyano baƙo ne a Gobir ko Katsinar Maraɗi, sai a tambaya baƙon wa, tun da ƴar gida ce take rera waƙa a kansa.

Duk da haka akwai abin da aka biya, kuma bai kamata a rufe shi ba. Na farko a fili yake: yaro ɗaya da na'ura ɗaya yana yin aikin da dā sai an tara mai kalangu da ƴan amshi da mai busa. Ƙungiya irin ta Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, makaranta ce mai tafiya, inda yaro yake shiga yana amshi ya fito ya san tarihin gidan sarauta da sarrafa harshe. Sutudiyo ba ya renon kowa ta wannan hanya. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Madannan fiyano sun raba tsani gida goma sha biyu daidai wa daida bisa tsarin Turai, goge da algaita da maƙogwaron mutum kuwa suna zamewa a tsakanin gidajen, kuma a wannan zamewa ne yawancin zaƙin karin Hausa yake. Bugu da ƙari, amon algaita layi ɗaya ne, ita kuwa shimfiɗar fiyano amo uku ne a haɗe, masu sauyawa bisa wani tsari da kiɗan Hausa bai gada ba. Mawaƙin da ya tashi a kanta yakan lanƙwasa karinsa domin ya faɗa inda haɗin yake jira. Tsawon numfashin ne kunne ya gane ya yi maraba da shi, haɗin amon kuwa sabon abu ne da ya shigo a bayansa ba a yi masa tambaya ba.

Yadda tsoho ya koma abin nema

Daga tsakiyar shekarun 2000 kwamfuta ta fara karɓe aikin. Kamfanonin da kansu suka mayar da tsofaffin na'urorinsu manhaja, Korg ta yi wa M1 haka a 2005, Roland ta yi wa JV-1080 a 2017. A Kano da Yamai da Maraɗi ma matasa suka koma haɗa kiɗa a allon kwamfuta. A ƙa'ida wannan ya isa ya kashe kasuwar tsofaffin akwatuna, sai ga shi ta ƙara rai. Masu sha'awarsu suna cewa wayoyi da sassan cikinsu suna ƙara wa amo wani ɗumi da lissafi bai kamo ba. Game da irin su Juno akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin sassansu suna tsufa kowane da halinsa. Game da akwatunan shekarun 1990 kuwa, waɗanda su ma lissafi ne a ciki, bambancin ya yi ƙanƙantar da ba kowane kunne zai rantse a kansa ba. Abin da ya fi nauyi, ko da masoyan ba su cika son a faɗa ba, shi ne tunawa. Mutum yana neman amon da ya ji a lokacin da zuciyarsa take ɗanya. Akwai kuma daɗin iyaka, domin wanda yake da shimfiɗa ashirin yakan san kowace kamar tafin hannunsa, mai dubu goma kuwa yini yake yi yana zaɓe.

Wannan sha'awa ce ta komo da Mamman Sani. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ci karo da tsohon kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi, aka sake fitar da shi a faifai a 2013, shekara 35 bayan naɗinsa. Taaritt ya biyo baya a 2014, daga abin da ya naɗa a shekarun 1980, aka kuma gayyace shi Turai ya yi wasa a gaban matasan da ba a haife su ba lokacin da ya sayi ogan ɗinsa. A 2013 ɗin dai kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Haka kuma ya fito da Hama, wani makaɗin Yamai da yake buga karin Sahara a kan tsohuwar Yamaha PSR-64, wanda kaɗe-kaɗensa suka daɗe suna yawo a katin waya daga hannu zuwa hannu babu suna a kansu, kamar dai yadda na Mamman Sani suka yi yawo a rediyo. Faifansa Torodi ya fito a 2015. Abin lura ne cewa a duka biyun jama'ar ƙasa sun riga kowa sanin amon, baƙo ne kawai ya zo ya rubuta suna a kai.

A gida kuwa har yanzu ba a saba kallon fiyano a matsayin kayan tarihi ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 ta yi aikin tattara kayan kiɗan gargajiya, kuma ƙungiyoyin al'adu sun san darajar tsohon tambari ko kakakin wani sarki. Tsohuwar PSR kuwa idan ta lalace wurin mai gyaran rediyo take ƙarewa, a ciro abin da za a ciro a yar da saura. Alhali waɗannan na'urori sun fi tambari saurin mutuwa. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai, zafin bazara yana cin roba, zaren kaset yana manne wa juna idan ya daɗe a ajiye. PSR-730 tana adana kiɗan da aka haɗa a kanta ne a faifan fulofi, wanda samun na'urar da za ta karanta shi a yau sai an sha wuya. M1 kuma tana riƙe saitin sautukanta da wani ɗan batir mai kamar kwabo da yake cikinta, ran da ya ƙare duk shimfiɗar da makaɗi ya ƙera da hannunsa takan goge, sai dai idan ya riga ya kwafe ta a wani wuri.